Gangaren keken guragu a bakin sabon lambatu: yaya ake fitar da shi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana gini. In aka faɗaɗa titi a cikin birnin Katsina aka ja sabon lambatu, sai ka tarar dandamalin masallaci ko shago ya ɗara murfin lambatun da kamar santimita 45, filin da ke tsakani kuma bai wuce mita biyu ba. Ta ina mai keke zai hau?

Injiniya KT:
Wa alaikumus salam. Ƙa'idar 1:12 ce, wato kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi 12 a kwance. Gangaren naka yana son mita 5.4 ke nan. Tunda babu fili, kada a miƙa shi titi, a kwantar da shi ya bi jikin bango. Faɗinsa mita 1.2. Sama da ƙasa a bar wuri shimfiɗaɗɗe, mita 1.5 kowane ɓangare, nan keke ke juyawa. A ɗaga ɗan baki na santimita 10 a gefe don kada taya ta zame, a kafa ƙarfen riƙo mai tsayin santimita 90. Abin da aka saba gani shi ne a malala kankare a kan matakala uku a ce an gama. Wannan na shigar da babur ne, mai keke in ya gwada da baya zai kife.

Tsohon Magini:
Yallaɓai, lissafinka daidai ne, sai dai mutanenmu da yawa keke mai tuƙin hannu gare su, ya fi na asibiti tsawo. Wurin juyawar a kai shi mita biyu in da hali.

Kwaɓi 1:2:4, siminti, yashi, tsakuwa, kauri santimita 10, a yi masa ban ruwa kwana bakwai. Ban da tayil, ban da gogewa har ya yi sulɓi, don ruwan alwala kaɗai ya isa ya kayar da dattijo. Tun yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa a gicciye. Sai murfin lambatu: yaran magina kan bar rata inda za a zura hannu ranar yasa, to nan ƙaramar tayar gaba da sandar makaho ke maƙalewa. Kada ratar ta wuce milimita 13.

Malama Mai Tsara Birane:
Malam, wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kwamitin unguwa ya nemi ganin zane tun kafin a zuba kankare, fasawa daga baya ta fi tsada. A kuma duba inda aka dasa turken lantarki, a hana ajiye babura da janareta a bakin gangaren. Mai kurar ruwa da masu ɗauke da makara ma ta nan za su bi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri. In bangon ma bai kai mita 5.4 ba fa?

Injiniya KT:
A raba gangaren biyu, mita 2.7 kowanne, da wurin juyawa a tsakiya. Amma wannan na cin faɗin mita 2.4, sai an ɗan ci dandamalin.