Ruwa na ɗiga a cikin kwantenar da nake son zama

Jama'a, ina neman shawara. Na sayi fili a ƙauye inda babu lantarki, na ajiye kwantena mai ƙafa 40 zan mayar da ita gida. Sola ta wadatar da wuta. Abin da ya gagare ni raɓa ce: da rana ƙarfen ya ɗau zafi, da asuba ruwa ya riƙa ɗiga daga rufin ciki, har tsatsa ta fara. Na fasa tagogi, bai hana ba, kuma ina tsoron ƙara yanka bangon kada ya raunana. Kumfar da ake fesawa ciki ta isa, ko sai na ɗora rufin kwano a sama? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.