Wai da gaske ƙwaƙwalwa ka iko da jinin da ka zuwa ƙoda?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lahiya ku taimaka min. Tun da zahin ga ya shigo fitsarina ya ragu ƙwarai kuma ya yi ja, wani abokina ya ce wai ƙwaƙwalwa ta ka rage ma ƙoda jini in jiki ya rasa ruwa. To mi ya haɗa kai da ƙoda? Ko dai ciwo na?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya yi gaskiya. Ƙoda kaɗai tana karɓar wajen kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ka turowa, tana tace ruwa kusan lita 180 a rana amma fitsarin da ka hita bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, sauran duk jiki shi maida shi. Akwai wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya masu jin ƙarhin bugun jini, in ka yi zuffa da yawa jini ya ragu sai su kai labari ga tushen ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aiko saƙo ta laka zuwa ƙoda, hanyoyin jinin su matse, ƙoda ta saki sinadarin renin ta riƙe gishiri da ruwa. Sannan akwai wani homon, wato sinadari mai kai saƙo cikin jiki, da ka hitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ma shina hana ruwa zubewa, shi yas sa fitsarin ya yi kauri. Ka sha ruwa sosai, in ka sha bai washe ba ko ka ga ƙahwa ta kumbura ka tahi asibiti a duba ka, kar ka tsaya jira.

Baban Sadiya: Malama to waɗanda anka yi ma dashen ƙoda hwa? Ai an yanke jijiyoyin da ka kai mata saƙo daga ƙwaƙwalwa.

Malamar jinya: Awo baba, an yanke, amma ƙodar tana aiki don tana iya daidaita jininta da kanta, kuma homon ta cikin jini shika zuwa. Abin da ka damuna shi na masu aikin rana da ka zuwa kemis su sayi diklofenak ko ibuprofen su sha babu ruwa a jiki. Lokacin ƙwaƙwalwa ta riga ta matse hanyoyin, maganin kuma ya toshe abin da ka buɗe su, wallahi haka ƙoda ka lalacewa, balle mai hawan jini ko suga.

Ɗan Mabera: Subhanallah, ni ma ina sha in bayana ya yi ciwo. Na gode malama, Allah shi saka da alheri.