Wutar cek injin ta kama, kwamfuta ta nuna P0661

Dan_Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Honda CR-V 2004, tun makon jiya wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa. An sa mata kwamfuta ta fiddo P0661, wai matsalar bawul ɗin manifol ne, wato bututun da ke kai iska cikin injin. Motar tana tashi lafiya lau, silo ma ba ta rawa, sai dai in na hau hanyar Bodinga na taka totur sosai sai in ji kamar ana riƙe ta ta baya. Bakanikena ya ce a canza manifol ɗin gaba ɗaya a sa na Beljiyam. Don Allah masana mi kuka gani?

Usta_Rewaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka saye manifol tukuna hwa. Cikin manifol ɗin wanga injin akwai bawul mai juyawa, iska yana da hanya biyu, doguwa da gajera. In kana tafiya a hankali ta doguwar yake bi don motar ta samu ƙarfin ja, in ka taka totur injin ya hau sama sai bawul ya juya iska ya bi gajerar. Shi ya sa ba ka jin komai cikin gari sai ka hau babban titi.

To ita lambar P0661 a Honda sensar da ke gaya ma birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, inda bawul ɗin yake tsaye take nufi, wutar da ke dawowa daga gare ta ta yi ƙasa da yadda ya kamata. Wato maganar wuta ce kafin komai, kwamfutar ba ta ce ƙarfe ko roba ya karye ba. Sensar waya uku gare ta, ɗaya mai kawo wuta bolt 5, ɗaya nagatif, ɗaya mai maida sako. A buɗe makulli ba tare da an tada injin ba a sa mitar auna wuta a gani ko 5 ɗin nan na zuwa, in babu to a bi wayar, ko ta katse ko ta goge tana taɓa bodi. In akwai, a duba ta sakon, sannan a zargi sensar. Da bawul ɗin ne ya maƙale da P1077 ko P1078 za ka fi gani.

Abu_Khadija:
Usta ya gama magana. Abin da zan ƙara, ka tuna ko an wanke maka injin kwanan nan? Yaran wurin wankin mota in suka saita ruwan nan mai ƙarfi kan soket ba ruwansu, tawa haka ta yi min, cire soket kawai aka yi aka busar aka fesa maganin wanke soket wutar ta mutu. Ɓera ma na cin waya in motar na kwana kusa da buhunan hatsi.

Dan_Mabera:
Wallahi an wanke shi ranar Juma'a kafin abin ya fara. Amma in wuta ce kawai mi ya sa ƙarfin ya ragu?

Usta_Rewaya:
In birenbos bai san inda bawul yake ba ai ba zai yi aiki da shi daidai ba. Amma tunda an buɗe bonet a duba ƙananan tiyon iska da ke zuwa solonoyid ɗin, wato ɗan makunnin da ke buɗe ma bawul ɗin iska, don bawul ɗin da zuƙar injin yake motsi, kuma zafin Sakkwato ba ya barin roba, tiyo sai ya bushe ya tsage ta ƙasa inda ido bai kai. Bayan gyara a goge lambar, ka hau titi ka taka ta da kyau, in ta dawo ka turo muna abin da mita ta nuna a wayoyin ukun.