Shawarwari Kan Fahimtar Annabci da Bambancin Fassarorin Littafi Mai Tsarki

A wata tattaunawa kan annabci da fassarorin Littafi Mai Tsarki, mahalarta sun jaddada cewa kafin mutum ya ɗora annabci a kan zamaninsa, ya kamata ya fara sanin waɗanda aka yi wa maganar da halin da suke ciki. Annabi Irmiya, alal misali, da mutanen Yahuza yake magana, kuma shekaru 70 da ya ambata sun shafi mulkin Babila ne a kansu.

An daɗe a kan batun haɗarin lissafin ranakun cikar annabci. Wani ya tuna da William Miller na Amurka, wanda ya ɗauki kwanaki 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru, har mabiyansa suka sa ran dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba, 1844, ranar kuwa ta zo ta wuce. A ganina wannan gargaɗi ya fi sauran nauyi.

Game da fassarori, an ba da shawarar a ajiye biyu ko uku gefe da gefe, a kuma duba bayanan ƙasan shafi, domin wani bambancin daga tsofaffin rubuce-rubuce ya samo asali. Littafin Irmiya na Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta, kuma gutsattsarin tsofaffin rubuce-rubuce da aka gano a Kumran, wani wuri kusa da Tekun Gishiri, sun nuna cewa gajeren ma yana da tushe a Ibrananci.