Ƙanena na Jerba, otal zai rufe a Nuwamba: ya zauna ko ya dawo Maraɗi?

Mai Kanti Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena yana aikin kicin a wani otal na tsibirin Jerba, ƙasar Tunisiya, wajen Midun. Ya shiga a watan Yuni da fasfo kawai. Yanzu an ce musu otal zai rufe farkon Nuwamba, sai Afrilu a sake buɗewa. Shi yana son ya zauna can, wai haya ta yi arha, kuma kuɗin jirgi zuwa da komawa sun fi abin da zai ci a wata biyar. Tsohuwa kuma ta ce ya dawo. Waɗanda suka san wurin, mene ne gaskiyar zaman can idan baƙi sun watse?

Bagobiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi lissafin haya, a tambaye shi abu ɗaya: wace takarda ke hannunsa? Ɗan Nijar yana shiga Tunisiya ba biza, amma na kwana 90 ne, kuma na ziyara, ba na aiki ba. Wanda ya shiga a Yuni, kwanakinsa sun cika tun Satumba. Daga nan tara take hawa, dinar 20 kowane mako, kusan jikka huɗu ke nan, kuma sai an biya ta kafin a bar mutum ya fita ƙasar. Wata biyar na hutun otal mako 20 ne da ɗoriya, wato dinar 400 da wani abu a kan abin da ya riga ya taru. Albashi ya tsaya, tara ba ta tsaya ba.

Hanyar da ke daidai tana da hawa uku, kuma ba a tsallake ɗaya. Na farko kwantiragin aiki wanda ma'aikatar aiki ta ƙasar ta buga wa hatimi. Mai otal ne ke neman wannan, ba ma'aikaci ba, kuma dokarsu ta fifita ɗan ƙasa, sai an nuna babu Batunise da zai iya aikin. Shi ya sa aikin kicin da shara da wuya a samu hatimin. Kwantiragin baƙo ba ya wuce shekara ɗaya, ana sabunta shi. Na biyu takardar haya da sunansa, a sa hannu a gaban ma'aikatan magajin gari, su suna cewa baladiya, sannan a yi mata rajista a ofishin haraji. Na uku a kai waɗannan da fasfo da hotuna ga ƴan sanda a nemi katin zama. Za a ba shi rasit tukuna, katin yakan ɗauki watanni. Rasit ɗin nan ya riƙe shi kamar ƙwayar idonsa, ya yi masa kwafi biyu.

Inda ake faɗawa rami: mai otal ya ce "za mu gyara maka", a yi ta jan rai har lokacin baƙi ya ƙare, ofishin ma'aikata ya rufe tare da otal. In har zuwa yau ba shi da ko rasit, to babu wanda zai gyara masa komai a Janairu. Kuma tun Fabrairun 2023 aka tsaurara wa baƙin Afirka ta kudu da Sahara, masu gidaje da yawa ba sa ba marar kati haya don doka na iya hawa kansu.

Ɗan Mokoyo:
Maganar Bagobiri ita ce kan gaba. Ni zan taɓo gida da sanyi, don arhar hayar nan tana da ƙugiya.

Masu gidajen bakin teku suna ba da haya mai sauƙi daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu ko Yuni, bayan nan su fitar da kai su koma ba masu hutu da kwana. A duba ranar ƙarshe a takarda. Kuma kar ya kama ɗaki a unguwar otal-otal don ya ga teku ta taga: da hunturu shagunan wurin a rufe suke, burodi ma sai ka hau taksi. Cikin garin Midun ko Humt Suk ya fi, inda ƴan gari suke zaune shekara duka.

Sanyin Jerba ba irin na hunturunmu ba ne. A Janairu da rana yakan kai digiri 15 ko 16, da dare ya sauka wajen 9. A lamba bai fi safiyar Maraɗi ta Janairu da yawa ba, amma namu busasshe ne, rana na fitowa ya gudu. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga iskar teku, gidajen kuma don zafi aka gina su: daɓen tayil, farin bango, babu abin ɗumama ɗaki. Bango yana zufa, katifa tana tsotsar raɓa, baƙin fumfuna ya fito bayan kabad. Maganinsa: a zaɓi ɗakin da tagarsa ke kallon kudu, a ɗora katifa a kan gado ko katako, a janye kaya daga bango kamar taƙi ɗaya, a buɗe tagogi minti 15 kowace hantsi ko ana jin sanyi. Kar a shanya wanki cikin ɗaki.

Kuran ma da lissafi. Abin ɗumama ɗaki mai wat 2000, awa biyar a rana, kilowat-awa 300 ke nan a wata, kuma kamfanin wutar ƙasar, STEG, yana ƙara farashi gwargwadon yawan abin da ka sha. Takardar tana zuwa bayan wata biyu, lokacin aljihu ya riga ya bushe. Ranar shiga gida a ɗauki hoton mita tare da mai gida. Bargo biyu masu nauyi da safa sun fi arha.

Abin da ke kisa kuwa gas ne. Tukunyar gas mai kilo 13 ba ta kai dinar 10 ba don gwamnati na tallafawa, saboda haka kowa da ita yake ɗumi da dafa ruwan wanka. Na'urar ruwan zafi da aka kafa cikin banɗaki marar taga, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutanen can suna ce mata zanzana, kowane hunturu tana ɗaukar rayuka. Alamarta ciwon kai da jiri da barci mai nauyi. Harshen wutar na'ura ya zama shuɗi. In ya koma rawaya, a kashe a kira mai gyara. Ba a kwana da kasko a ɗaki, ko an ga garwashin ya lafa.

Ruwan famfo yana da ɗan gishiri a wurare da dama duk da injin tace ruwan teku da aka buɗe a 2018, don haka a sa kuɗin ruwan sha cikin lissafi.

Hajiya ta Zariya:
Alhaji, ku maza kun tsaya kan takarda da mita. Ciki fa? Nan kam sauƙi ne. Gero da wuya, amma suna da garin dawa, suna ce masa duro, da shi suke kunu da sanyi. Garin lalo shi ne mulukiyarsu, akwai busasshiyar kuɓewa. Kasuwar Humt Suk Litinin da Alhamis take ci, ta Midun Juma'a, kayan miya da lemu suna arha a wannan lokaci. Wanda ya iya kicin ba zai ji yunwa ba. A aika masa da yaji da daddawa in an sami mai tafiya.

Abin da ya fi yunwa shi ne zaman kaɗaici. Agogonmu da nasu ɗaya ne, amma a Disamba ƙarfe 5 da ƴan mintoci rana ta faɗi, kusan awa guda kafin tamu, titi ya yi tsit. Abokan aikinsa ƴan ƙasa sun koma garuruwansu. Ya lizimci masallaci ɗaya har a san fuskarsa. Ƙasar Malikiyya ce, a Jerba kuma akwai Ibadawa da yawa, masu sakin hannu a salla, ba zai ga abin da zai ba shi mamaki ba. Saurayi marar aiki marar takarda, ga garin Zarzis nan kusa inda masu tsallakar da mutane Turai ta ruwa suke farauta, wannan shi ne abin da tsohuwa take tsoro ko ba ta faɗa ba.

Bagobiri:
Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari biyu. Za a ce masa akwai tsinkar zaitun daga Nuwamba zuwa Janairu, da ƴan otal da ba sa rufewa saboda tsofaffin Turawa masu zuwa jinya da ruwan teku. Gaskiya ne, amma otal ɗin da ya rage ma'aikata ɗan ƙasa yake riƙewa, tsinkar zaitun kuma ta yini ce, ba takarda, in aka hana ka kuɗinka ba inda za ka kai ƙara.

Na biyu, dinar ba a fita da ita daga ƙasar, doka ta hana, kuma aika kuɗi waje ta banki sai mai katin zama da takardun albashi. In zai dawo, ya fara ware kuɗin tara, ya sayi tikiti tun yana can. Zuwa Tunis babban birni, inda zai hau jirgin sama, kusan kilomita 500 ne. Jirgin ruwan da ke fita da mutane daga tsibirin, daga Ajim zuwa Jorf, minti 15 ne amma yana tsayawa in iska ta yi ƙarfi, sai a zagaya ta El Kantara, hanyar motar da ta haɗa tsibirin da gaɓa. Kar ya bar tsibirin ranar da jirginsa zai tashi.

Mai Kanti Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu: babu rasit, kwantiragin ma na baki ne. Na ce gobe ya je wurin mai otal ya nemi a rubuce cewa za a ɗauke shi a Afrilu da hatimin ma'aikata. Malam Bagobiri, tarar nan a filin jirgi ake biyanta, ko sai ya je wani ofishi tun kafin ranar?