Open source: a daina ce mata "manhajar kyauta"

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana ɗaya a kan open source, don "manhajar kyauta" da ake ta sakawa a kanun labarai ba ita ba ce. WhatsApp kyauta ne, ba ka biyan ko kwabo, amma je ka ce Meta ta nuna maka kod ɗinsa ka ji amsar da za ka samu. Shi kuwa kamfanin Red Hat da Linux yake cin abinci, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da take open source, kuma a 2019 IBM ta saye shi a kan dala biliyan 34. To ina kyauta a nan?

Abin da ake nufi shi ne an bar kod ɗin a fili, wato ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, tare da lasisin da ya ba kowa izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Kamar mota ce. Wata an yi wa bonet ɗinta walda, sai kamfani kaɗai ke taɓa injin. Wata kuwa duk bakaniken da ya san aikinsa zai ɗaga ya duba, ya sauya abin da bai yi masa ba. Firefox, VLC, LibreOffice da MediaWiki da Wikipedia ke tafiya a kanta duk irin ta biyun ne.

Ruɗanin ma na Turawa ne, mu aro shi muka yi. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, na gina manhajojin da kowa ke da izinin gyarawa da rabawa, yana kiran abin free software, kuma free a Turanci tana nufin kyauta, tana kuma nufin 'yanci. Shekara da shekaru suna fama da bayanin cewa ba zancen kuɗi suke yi ba. A 1998, shekarar da kamfanin Netscape ya saki kod ɗin manhajarsa ta shiga intanet, Christine Peterson ta kawo sunan open source, 'yan kasuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci ba su da wannan ciwon kai, don can libre ('yanci) daban, gratuit (kyauta) daban. Hausa ma haka take.

An kawo shawarar "manhajar gayya". Ta yi daɗi a baki, kuma ta dace da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yanzu dubban mutane ke sa hannu a cikinta. Sai dai gayya yadda aka yi aikin take faɗa, ba izinin da aka bayar ba. Mutum ɗaya yana iya rubuta manhaja shi kaɗai a ɗakinsa, ya sake ta da lasisin open source irin na MIT, ba wanda ya taya shi, kuma ta cika sharaɗi.

"Manhajar waƙafi" ta fi ba ni sha'awa, gaskiya. Wani lasisin open source mai suna GPL cewa ya yi in ka gyara ka raba, dole naka kod ɗin ma ya fito fili a kan sharuɗɗa iri ɗaya, ba ka isa ka kulle abin da aka bar wa jama'a ba. Amma waƙafi ba a sayar da shi, GPL kuwa ba ta hana sayarwa ba. Kuma kalma ce da ke da hukuncinta a fiƙihu, bai kamata mu ja ta inda malamai za su ce mun yi mata karan tsaye ba.

"Mai buɗaɗɗen tushe" kuwa Turanci ne aka sa wa hula. Tushe a kunnen Bahaushe na bishiya ne ko na dangi.

Ni dai inda na tsaya: open source a ce buɗaɗɗiyar manhaja, free software irin ta su Stallman a ce 'yantacciyar manhaja, kishiyarsu rufaffiyar manhaja. "Manhajar kyauta" a bar wa wadda ba a biya kawai. Ku gwada a jimla: "GB WhatsApp ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, rufaffiya ce aka ɓalle ba da izini ba." Ta zauna, kuma mai sayar da waya a kasuwar Farm Center ta Kano zai gane ba sai an yi masa dogon turanci ba.

Saura fork, wato a kwafi kod ɗin wani a kama hanya daban da shi, kamar yadda LibreOffice ta fita daga OpenOffice a 2010. Ni reshe nake cewa. Mutanen Zinder da Maraɗi, ku me kuke ce masa?