Na haɗa sabuwar kwamfuta, Windows zan ɗora ko Linux?

Mai_Hoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na gama haɗa kwamfutar da na kusa shekara ina tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, farosesa Ryzen 5 5600 ce da motherboard B550, RAM 16GB, katin girafik RTX 3060 sakan sai ma'ajiyar NVMe 1TB. Na danna ta tashi, fanka na juyawa, BIOS (saitin farko na injin) ta ga komai alhamdulillahi. To yanzu me zan ɗora mata? Ni dai abincina hoton biki ne da katin gayyata da fosta, CorelDRAW da Photoshop nake amfani da su kullum, bidiyo kuma Premiere, in dare ya yi na ɗan buga gem ɗin ƙwallo a kwamfuta. Windows 10 na saba da ita amma ƙanina da ke karatun kwamfuta ya matsa min wai na sa Linux, kyauta ce, ba ta da nauyi kuma ba ta shan data. Dan Allah a ba ni shawara kafin na ɓata lokaci.

Injiniya_Gyara:
Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Malam ai ka riga ka amsa tambayarka da kanka. Photoshop, Premiere da CorelDRAW duk ba su da na Linux, to tunda da su kake cin abinci zance ya ƙare, Windows ce. Amma fa ba 10 ba, Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, sabon inji irin wannan 11 ce ta dace da shi.

Abin da zai iya tare ka shi ne ta ce wannan kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, kada hankalinka ya tashi, TPM 2.0 (wani tsarin tsaro na inji) take nema kuma yana cikin farosesanka. Shiga BIOS ka nemo fTPM (TPM ɗin cikin farosesa) ka kunna, ka kashe CSM (tsohon tsarin tashin kwamfuta) ka bar ta a sabon tsari na UEFI shi kenan. Ka samu filash mai 8GB ka sauke ISO (fayil ɗin ɗora Windows) daga shafin Microsoft ɗin da kansa ka rubuta shi a filash ɗin da manhajar Rufus. Wlh kada ka karɓi irin wadda ake zubawa a shago an riga an fasa ta, makon jiya wani ya kawo min tasa ko kunna komai bai yi ba fanka na ihu kamar injin markaɗe, ashe wani abu aka cusa a ciki yana ta aiki a ɓoye, sai da muka share komai har da hotunan kwastomominsa da bai ajiye a wani wuri ba.

Dan_Linux:
Oga Injiniya ban ƙi maganarka ba amma kada a yi wa Linux rashin adalci mana. Shekara huɗu ke nan ina kan Linux Mint, wani nau'in Linux, tsarinta kusan irin na Windows ne wanda ya saba ba zai ɓata ba, kuma Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029. Ba ta yin sabuntawa sai ka ce ta yi, ga mai sayen data wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai GIMP na gyaran hoto da Inkscape na zane da Kdenlive na bidiyo duk kyauta, wasanni da yawa na Steam (kasuwar wasannin kwamfuta) suna tafiya ta Proton, manhajar da ke kunna wasannin Windows a Linux. Inda zan faɗi gaskiya shi ne wasannin da ke da tsaron hana maguɗi irin su Valorant da Fortnite da EA FC ba sa tashi, sannan in kwastoma ya turo maka fayil ɗin CorelDRAW ko mai firintin ya ce shi yake so, za ka sha wahala.

Ni shawarata ka sa duka biyun. Windows tukuna, sannan Mint, zai fi kyau a wani SSD (ma'ajiyar bayanai) daban ko mai 256GB ne. Ka kashe Fast Startup a Windows. In ka ga agogo ya sha bamban da awa ɗaya bayan ka fito daga Mint ba lalacewa ba ce, Linux da lokacin UTC (agogon GMT) take saita agogon inji mu kuma muna gaba da awa ɗaya, umarni layi ɗaya ne ke gyara shi.

Hajiya_Dizain:
Ƙanina ka fara da Windows kawai ka riƙe kwastomominka, lokacin bukukuwa ba lokacin gwaji ba ne. Maganar data kuma ka je saitin Wi-Fi ka mai da shi metered, wato mai ƙayyadadden data, zai rage jan manyan sabuntawa. Kuma dan Allah ka ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe, yana nan cikin Windows, katin gayyata ba ƙ da ɗ da ɓ yana min ciwo. Kana da UPS dai ko? In aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa za ta iya ƙin tashi.

Mai_Hoto:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba fTPM a kashe yake na kunna, yanzu haka ISO ɗin na sauka. Hajiya UPS ɗin batirinsa ya mutu, gobe in sha Allah zan canza kafin na fara. Akwai tsohon SSD a laftof ɗina da ta lalace, shi zan ba ƙanin nawa ya sa Mint ɗin a kai.